Bishiya Ashirin da Biyu da Rabi

"To ke kika ƙara masa gishirin da bakinki ke nan!" in ji ɗana Luom, yana kaɗa waya a gaban hancin jikata Nhien. "Waya ta ce bai kai rabi ba, ke kin ce rabi ne. Ragowar daga ina ta fito? Daga aljihunki?"

"Kawu, ban ƙara komai ba. Cikewa na yi."

"Cikewa! Ku ji mini 'yar nan. Randa ce da za ki cike?"

Ni dai ina zaune kan gadon katako ina ɓare lemo, kunnena a buɗe. Ranar tunawa da rasuwar mijina Tong ce. An ci kifin tukunyar ƙasa, an sha miyar tsami, baƙi sun watse, saura maƙwabciyata Muoi da ta maƙale a baranda wai tana taya mu wanke kwanuka. Kwano ɗaya take wankewa tun da aka fara faɗan. Turaren tsinke bai gama ci a gaban hoton marigayi ba, ga shi 'ya'yansa da jikarsa na neman cinye juna a kan lambunsa.

Abin da ya jawo kuwa, duk wanda ke wannan yanki ya san shi. Damina ta ƙi zuwa, kogi ya rame, teku ta samu hanya tana turo mana gishiri har cikin rafin bayan gida. Tafkin da muka tara ruwa a lambu ya ƙafe, ya koma wurin kiwon kaji. Bishiyoyin duriyan ɗinmu arba'in da biyar sun fara zubar da ganye, shi kuma duriyan, itacen nan mai manyan 'ya'ya masu ƙaya, kun sani, ɗan gata ne: ƙishirwa ta kashe shi, gishiri ya fi saurin kashe shi. Kullum da safe lasifikar ƙauye tana faɗa mana magana ɗaya: in gishirin ruwa ya kai rabin giram a lita, kada wanda ya ba duriyan. In bai kai ba, a ba shi. Ruwan kuma ba ya yin daɗi sai lokacin da teku ta janye, kafin ta dawo. A ranar ta janye ne daidai lokacin da muke cin abinci.

Muna da abin awo, wani ɗan abu kamar biro mai ƙiba. A tsoma bakinsa a ruwa, lamba ta fito a cikinsa: sifiri, ɗigo, sai lamba ɗaya tal. Luom ya tsoma, ya ga huɗu. Matarsa Diem, malamar firamare, ba ta yarda da idonsa ba tun ranar da ya sayo mata rigar da ya ce shuɗiya ce, ta je ta tsoma, ta ga biyar. Nhien, 'yar 'yata da ke aikin auna gishiri a kamfanin romon kifi a birni, ta zo mana biki, ita ma ta tsoma, ta ga biyar. Biyar kuwa ita ce rabin da lasifika ta hana.

Sai Luom ya haɗa ukun a waya, ya raba uku, waya ta zubo masa lambobi kamar tururuwa.

"Karanta da kanki," in ji shi. "Sifiri da ɗigo huɗu, shida, shida, shida, shida, har gilashin ya ƙare. Huɗu ce a gaba. Huɗu! Ina biyar a nan? Inna, kin ga biyar?"

"Ni ban ga komai ba, ɗana," na ce. Gaskiya na faɗa, amma ba wanda ya lura.

Nhien ta aje kofin shayinta. Tana da wani salon numfashi kafin ta yi magana, irin na masu digiri, kamar za ta ɗaga buhu. "Kawu, biron nan lamba ɗaya yake gani bayan ɗigo. Ɗaya. Duk shidodin nan bai taɓa ganinsu ba. Waya ce ta haife su. Ba za ka auna da abin da ke ganin lamba ɗaya ba, ka fito da amsa mai lamba takwas."

"Waya ƙarya take yi ke nan?"

"Ba ƙarya take yi ba. Ba ta dai san ruwa ba ne."

"Ke kuma kin san shi. Tare kuka yi makaranta."

"Dole a tsaya a lamba ɗaya, kamar yadda biron ya tsaya. Ka dubi ta biyu, shida ce, ta wuce tsakiya, sai huɗun ta haura ta zama biyar. Shi ke nan."

"Haka ne," in ji Diem daga bakin kicin, tana goge hannu. "Haka nake koya wa 'yan aji huɗu. Baban yara, ko ɗan aji huɗu ya san wannan."

"To ki je ki kira 'yan aji huɗu su shayar da lambun, Malama!"

Na ji kwanon Muoi ya daina motsi gaba ɗaya a baranda.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Aji uku na yi, ambaliya ta tafi da makarantar, ni kuma ban bi ta ba. Amma na yi ƙoƙari in gane. Na ce, "Nhien, tsaya. Shidodin nan da kika ce a zubar, in an zubar da su ina suke zuwa? Ba su ne gishirin ba?"

"Kaka, ba gishiri ba ne. Lambobi ne da ba su da shaida."

"To in ba su da shaida, don me kika saurari ta farkon har ta ɗaga huɗu ta mai da ita biyar?"

Luom ya buga cinya. "Yauwa Inna! Tambaye ta!"

Nhien ta sake yin numfashin nan nata. "Ana leƙa ta ne kawai, a ga ta ina za a karkata. Ba a rubuta ta."

"Ana jin maganarta, amma ba a ba ta wurin zama," na ce. "Kamar ni ke nan a gidan nan."

Ba wanda ya yi dariya sai Muoi, ita ma ta mai da shi tari.

"Ku saurare ni," in ji Nhien. "Biyar ɗin da na gani ma, ba lalle biyar ce cif ba. Tana iya zama huɗu da rabi biron ya cike, tana iya zama ta ɗan gota biyar ya rage. Huɗun Kawu ma haka, wataƙila ta kusa huɗu da rabi. Biron da kansa yana cikewa kafin ya nuna mana."

"Af!" in ji Luom. "Ashe shi ma maƙaryaci ne. To wa ya rage mai gaskiya a gidan nan? Yanzu ruwan, ya kai rabi ko bai kai ba?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba?"

"Ba wanda ya sani, Kawu. Yana bakin layi. Abin da zan iya rubutawa in sa hannu shi ne biyar. Abin da ke cikin rafin, yana iya zama ƙasa kaɗan, yana iya zama sama kaɗan."

Luom ya juya ya kalli hoton ubansa, kamar zai kai ƙara. "Baba, ka ji. Shekara da shekaru tana birni tana auna gishiri, ta dawo ta ce mana ba ta sani ba. Da na sani da agwagwa na tambaya."

Daga nan ya zauna. Ya aje wayar a kan tebur, ya dafe kai. Diem ta koma kicin, Nhien ta ɗauki kofinta. Na ga faɗan na neman mutuwa, mata biyu sun danne mini ɗa, rana ko tsakiyar yamma ba ta kai ba, kuma Muoi za ta koma gida da rabin labari. Ga bishiyoyi can suna ta zubar da ganye. Musamman babbar, ta tsakiyar lambu, wadda Tong ya dasa da hannunsa shekarar da aka kawo ni gidan nan. Sauran duka 'ya'yanta ne, daga jikinta aka yi musu aure. Da safen nan na tsinci ganyenta cike da kwando.

Sai na miƙe na ce, "Ku ba ni biron. Ni ce mai lambun, ni kaɗai ban auna ba."

Na bi ta ƙofar baya, ƙofar kwanon nan da ke kuka in an taɓa ta, na gangara rafi. Ruwa ya janye sosai, taɓo ya fito, ƙananan ƙaguwa na ta zirga-zirga. Na durƙusa kan katakon wanki, na danna, na tsoma, na ɗago. Rana na dukan gilashin. Na kawo shi kusa, na kai shi nesa, na karkata kai. Wani abu dai ya fito mai ƙafa ɗaya da ɗan kai. Huɗu tana da ƙafa ɗaya. Tara ma tana da ƙafa ɗaya. Kafin in gama shawara abin ya ɗauke. Na ɗan lasa ruwan, amma bakina duk romon kifi ne, ko ruwan sama na lasa gishiri zan ji.

Na dawo na tsaya a bakin ƙofa.

"Nawa?" suka ce su uku.

Na dubi Luom, idonsa ja kamar wanda bai yi barci ba. "Huɗu," na ce.

Ya zabura ya cafki waya. "Huɗu, biyar, biyar, huɗu. A raba huɗu." Ya danna. "Kai, wannan karon ba tururuwa. Sifiri da ɗigo huɗu, biyar. Ta tsaya."

"Huɗu da rabi ke nan," in ji Diem, ta fito da ludayi a hannu. "Ai shi ke nan. In ta biyu biyar ce, sama ake yi. Ta zama biyar. Ba a ba ruwa."

"Wa ya ce?"

"Littafi ya ce. Ko ba haka ba, Nhien?"

Nhien ta sunkuyar da kai. Tana kallon cikin kofinta kamar kifi ya faɗa ciki.

"Nhien?"

"Anti, a makaranta haka ne. A wurin aikinmu kuma... in ta tsaya a tsakiya cif, ba sama ake yi kullum ba. Ana duba wace ce cika, wace ce mara, a bi cika. Tsakanin huɗu da biyar, huɗu ce cika."

Diem ta sauke ludayi. Har kwanon Muoi na ji an aje shi a ƙasa a hankali.

"Maimaita," in ji Luom.

"Da dokar wurin aikinmu, huɗu za a rubuta. Amma Kawu..."

"Huɗu! Allah Ya yi miki albarka, 'yar ƙanwata! Na daɗe ina faɗa, yarinyar nan duk dangi ba mai kanta. Cikewa ai ilimi ne!"

"Ɗazu ka ce randa ce," in ji Diem.

"Ɗazu ban fahimta ba."

"Wannan wace irin doka ce?" Diem ta juya kan Nhien, tana nuna ta da ludayi. "Ina koya wa yara abu tun kafin a yaye ki, yau ki zo gidan mijina ki ce mini lamba tana zaɓen inda za ta? Don huɗu tana rabuwa biyu sai a yi mata alfarma?"

"Anti, in kullum sama ake yi, awo dubu in aka tara sai ya kumbura. Shi ya sa ake rabawa, wani lokaci sama, wani lokaci ƙasa, don ya daidaita."

"Mu awo dubu muka yi? Huɗu muka yi!"

"Shi ne nake so in faɗa wa Kawu! Dokar ta takarda ce. Ko na rubuta huɗu, ko Anti ta rubuta biyar, ruwan rafi bai ji ba. Yana nan yadda yake, a bakin layi."

"A'a, a'a, kada ki janye," in ji Luom, yana neman takalminsa na roba a ƙarƙashin gado. "Da aka cike ta zama biyar kin ce ilimi ne, dole in bi. Yanzu an cike ta zama huɗu kin ce ruwa bai ji ba. Ɗazu yana da kunne?"

Ni kam kaina ya gama juyewa. Ruwa ɗaya, rafi ɗaya, yanzu Diem da Nhien da suke gefe ɗaya sun koma suna harara, Luom da ke zagin cikewa ya koma yana sa mata albarka. Mu da a al'adarmu muke kiran ɗan fari Na-biyu, dama ban ga ranar da lissafi zai zauna lafiya a ƙasar nan ba. Amma da na ga ya sa takalmi ɗaya, ya ɗauko jarkar man injin ban ruwa, sai na farga. Huɗun nan tawa ce. Ita ce za ta shiga tiyo ta bi saiwar bishiyar Tong.

"Luom," na ce, "ka ɗan dakata mana a sha shayi."

"Inna, teku na dawowa. Shayi ba ya gudu."

Nhien ce ta ɗago kai. Ta dube ni, ta dubi teburin marigayi. Can kusa da ayaba da kofin shayinsa, ga tabarauna a ninke, inda na aje su da safe da hayaƙin turare ya dame ni.

"Kaka," ta ce a hankali, "da wane ido kika karanta?"

"Da nawa mana. Na wa zan ara?"

"Kaka."

"Ya yi kama da huɗu," na ce. "Yana da ƙafa ɗaya."

"Tara ma tana da ƙafa ɗaya!" in ji Diem.

"Bakwai ma," in ji Muoi ta taga. Ba wanda ya tambaye ta.

Luom ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, jarka a hannu. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Inna, lambun Baba ne fa."

"Na sani," na ce. "Ai tara ba za ta yiwu ba, tunda ku kun ga huɗu da biyar. Ni ma cikewa na yi."

Nhien ta fizgi biron ta fita a guje, ƙofa ta yi kukanta. Muka zauna ba mai kallon wani. Diem ta miƙo mini tabarau, na sa, ɗakin ya fito tar, har na ga ba na son ganinsa. Jim kaɗan Nhien ta dawo, taɓo har gwiwa, wandon birnin nan ya tashi aiki.

"Nawa?"

"Rawa yake yi," ta ce. "Ya nuna huɗu, ya nuna biyar, ya koma huɗu, ya koma biyar. Ya ƙi tsayawa. Kuma ruwa ya fara juyowa, na ga ganyen kainuwa sun daina gangarawa."

"To yanzu me za a rubuta?" in ji Diem.

"Ba rubutu nake so ba!" Luom ya dire jarkar. "Takarda zan shayar? In na ba su ruwa ya zama ya gota, na kashe su da hannuna. In na hana ya zama bai kai ba, na kashe su da tsoro. Gobe ruwan zai fi haka gishiri, kowa ya sani. Likitar gishiri, ke ce mai ilimi, in ba su ko in hana?"

"Kawu, awo ya tsaya inda idonsa ya tsaya. Daga nan kuma shawara ce, ba lissafi ba."

Luom ya tsaya yana huci. Sannan ya sa ɗayan takalmin. "Shi ke nan. Tunda rabi ne ya hana mu sakat, rabi zan yi. Rabin lambu in ba shi ruwa, rabi in hana. Duk wanda ya yi gaskiya a cikinku, ba za mu tashi a tutar babu ba."

Na ji wani sanyi a raina. Har Nhien ta gyaɗa kai. Muoi ta ce ta taga, "Wallahi yaron nan ubansa ya biyo."

Ya kai bakin ƙofa ke nan Diem ta ce, "Rabin arba'in da biyar nawa ne?"

Ita fa ba da mugunta ta tambaya ba. Malama ce, bakinta ne ya saba.

Luom ya tsaya. Ya ciro waya, ya danna, ya daɗe yana kallo. "Ashirin da biyu da rabi," ya ce.

"Ashirin da biyu ta gabas, ashirin da biyu ta yamma," in ji Nhien, muryarta ta yi ƙasa. "Saura ta tsakiya."

Ba sai an faɗi wace ce ta tsakiya ba. Dukanmu muka kalli hoton. Shi kuma yana ta murmushinsa na ranar da aka ɗauke shi, hula a karkace.

"In dai littafi za a bi, sama ake yi," in ji Diem. "Ashirin da uku. Ta shiga cikin masu sha." Sai ta toshe baki, don ta tuna ita ce mai cewa kada a ba ruwa.

"A wurinmu cika ake bi," in ji Nhien. "Ashirin da biyu. Ba ta sha." Ita ma ta kama baki, don dokarta ce ɗazu ta ce a ba ruwa.

"Ku biyun nan kun yi musayar riga," in ji Luom. "Ban ma san da wa nake faɗa ba." Ya juyo gare ni. "Inna, bishiyarki ce. Ba waya, ba littafi, ba biro. In ba ta, ko in hana ta?"

Ga tabarau a idona, ina ganin komai, har jijiyar da ke bugawa a wuyansa. Na tuna kwandon ganyen safe. Na tuna lambun su Muoi na ƙetaren rafi da gishiri ya ƙone bara, bishiyoyi tsaye ba ganye kamar tsintsiya. Na buɗe baki in ce ba ta, harshena ya ƙi. Na buɗe in ce hana ta, ya ƙi.

"Ba za a iya... a jiƙa mata gefe ɗaya ba?" na ce.

Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya dubi Nhien, ya dubi kan Muoi da ya cika taga. Ya sunkuya ya ɗauki jarkar, ya saɓa tiyo a kafaɗa.

"Wanne za ka yi, Baban yara?" in ji Diem.

"In na isa gindinta na tambaye ta," ya ce. "Wataƙila ita ta sani."

Ya fita, ya bugo ƙofar kwanon da ƙarfi har tokar turare ta zubo a gaban hoton.